Daga Ɗanyaya Zuwa Bichi: Yanke Shawara a Yaƙi da Mulki

  Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Ɗambatta da Makoɗa, Bichi da Bagwai, Tsanyawa da Shanono, Dawakin Tofa da Tofa, Minjibir, Ungogo da Gezawa, da duk wanda muryar nan ta iske, ko yana gindin bishiya da abokan hira, ko yana kan hanyar dawowa daga kasuwa, ko uwargida ce a tsakar gida da rediyonta a gefen murhu. Allah ya sa muna lafiya.

Shirinmu na yau zai duba wata siffa da kowa ke nema a wurin shugaba, wato ya iya yanke shawara ya kuma tsaya a kanta. In hira ta biyo ta kan mulki a majalisa, ba a jimawa sai ka ji wani ya ce, "Mu dai Allah ya ba mu namiji, wanda in ya ce a yi, an yi an gama." Wani ya amshe, "Irin su Murtala ke nan." Na san inda wannan magana take fitowa, kuma ban ga laifin mai faɗinta ba. Mutumin da ruwa ya cinye gadar garinsu, aka zo aka duba, aka kafa kwamiti, aka yi shiru, damina ta sake zagayowa ana tsallakar da matarsa mai naƙuda a kan amalanke, dole ransa ya so mai zafin nama. Jan ƙafa zalunci ne, ko da mai yin sa bai ɗaga wa kowa murya ba.

Sai dai akwai abin da nake so mu lura da shi tare. Saurin nan da muke yabawa a wurin manyan shugabanni, in ka bi sawunsa, za ka tarar an daɗe ana shirya shi a zaune. Wanda ya yi shiri shi ke da ikon yin sauri. Wanda bai shirya ba kuwa, in ya yi jinkiri a ci shi da yaƙi, in ya yi sauri ya jefa jama'a a rami. Ba sai mun je nesa neman hujja ba, ƙasar nan da muke nomawa ta ga duka biyun.

Sarkin Kano Muhammadu Alwali ya hau gadon mulki a 1781, kuma ba sakaran sarki ba ne. Tarihin Kano ya nuna tun farkon sarautarsa ya tara hatsi mai yawa don gudun yunwa, ka ga mutum ne mai tanadi. A 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, aka gwabza a Tafkin Kwatto, labari ya game ƙasar Hausa. A nan Kano almajiran Shehu suka haɗa kai: Malam Jamo na Sulluɓawa, Malam Bakatsine na Joɓawa, Malam Jibir na Yolawa, Malam Ɗanzabuwa na Danejawa, Dabon Dambazau, da Malam Usman Bahaushe. Suka fice suka yi sansani a Kwazazzabo, yamma da birni.

Ran da labari ya iso fada, hanya biyu ce a gaban Alwali. Ko ya amsa kiransu a yi sulhu na gaskiya, ko ya tattara duk ƙarfinsa ya fita da kansa tun jama'ar ba su yi kauri ba. Maganar wa ke da gaskiya a wannan rikici fage ne na malaman addini da na tarihi. Mu dabarar mulki da ta yaƙi muke dubawa. Alwali bai bi ko ɗaya daga hanyoyin nan har ƙarshenta ba. Ya aika 'yar ƙaramar runduna, aka kore ta. Ya aika wadda ta ɗan fi ta, ita ma aka fatattake ta. A tsakani ya nemi a zauna a sasanta, ga fadawansa sun rabu, wasu na cewa a lallaba, wasu na cewa a murƙushe. Kowace karawa da jama'a suka ci, sai su samu dawaki da makamai. Abin da ya fi wannan ma, masu garuruwa da arɗo-arɗon da suka yi tsit suna jiran su ga inda rinjaye zai faɗa, suka fara sulalewa suna komawa wancan ɓangare.

Lokacin da Alwali ya fito da cikakken ƙarfinsa, da 'yan lifida da 'yan sulke, aka haɗu a Ɗanyaya ta nan arewa da birni, wuri ya riga ya ƙure. Mutanen da aka raina jiya sun zama rundunar da ta san yaƙi, ta ci Ƙaraye da wasu garuruwa. Gudunmawar da yake sa rai daga Katsina da Daura ba ta yi masa rana ba, domin wani shugaban Fulani na wannan yanki, Ɗan Tunku, ya shiga tsakani ya hana rundunonin zama tsintsiya ɗaya. Aka gwabza, aka karya rundunar Kano. Alwali ya bar birni, ya nufi Zariya, ya dawo Burumburum, a can aka kashe shi a 1807.

Har yau a makarantun soja, irin ta Jaji, ana gargaɗin hafsoshi kan wannan kuskure: kada ka riƙa tura ƙarfinka kaɗan-kaɗan ga abokin gaba, domin horar da shi kake yi da jinin mutanenka. Alwali yana da dakaru, yana da hatsi, yana da ganuwa. Matsaya guda ce ya rasa. Masu son sulhu ba su ga sulhun da za su amince da shi ba, masu son yaƙi ba su ga yaƙin da za su ba da ransu a kansa ba.

Bayan shekara 12 sai ga wani sarki a cikin halin da bai gaza na Alwali tsanani ba. Sarki Sulaimanu ya rasu a 1819, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya naɗa Ibrahim Dabo. Kafin ya gama zama a kan gado, garuruwan ƙasar Kano da dama sun yi tawaye. Masu tarihi sun ce abin da Dabo ya fara yi shi ne shiga halwa ta kwana 40 yana roƙon Allah. Ku auna wannan, masu sauraro. Ƙasa tana ci da wuta, sarki ya rufe ƙofa kwana 40. Da a yau ne, da gari ya ɗauka cewa sarki ya tsorata. Amma da ya fito, bai sake waiwaye ba. Ya bi garuruwan ɗaya bayan ɗaya, ba ya barin wannan sai ya gama da shi, har aka yi masa laƙabi da Cigari. Ya farfaɗo da tsoffin sarautun Kano ya rarraba wa gidajen da suka yi jihadi, kowa ya san matsayinsa, ya san abin da zai rasa in ƙasa ta watse. Ya ƙarfafa ribaɗi a Fanisau, nan ƙasar Ungogo, don tsare ƙofar arewa.

Wanda ya zame masa ƙarfen ƙafa shi ne Ɗan Tunku. Yana riƙe da tuta daga Shehu, yana ganin ba shi da dalilin durƙusa wa Kano, ya ƙi yin mubaya'a. Dabo ya ɗauki ƙasar arewa ya ba Sarkin Bai na gidan Dambazawa, har da wuraren da Ɗan Tunku ke ganin da takobinsa ya same su. Yaƙi ya ɓarke, aka yi wajen shekara biyar ana fafatawa. Mahayan Ɗan Tunku sukan kai hari har kusa da ganuwa. Baturen Birtaniyan nan mai yawon ganin ƙasashe, Kyaftin Kilapaton, da ya iso Kano a farkon 1824, a sansanin Fanisau ya sami sarki yana shirin fita wannan yaƙi. A ƙarshe Dabo ya matsa wa Ɗan Tunku har cikin duwatsun Kazaure.

Kada mu manta, filin wannan yaƙi gonakinmu ne. Damina bayan damina kakanninmu na tsakanin Fanisau da Ɗambatta suna noma suna waige. A ƙone rumbu, a kore shanu, a kama matasa.

Sai Sarkin Musulmi Bello ya shiga tsakani, ya yanke cewa Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kanta, tana bin Sakkwato kai tsaye. A lokacin Dabo ne ke da rinjaye a fage. Da ya so, da ya nace. Ya karɓi hukuncin, ya juya ga gina ƙasarsa, ya yi mulki har 1846. A ganina wannan ce shawara mafi nauyi da ya yanke, ta fi cin garuruwan wuya, domin mai ƙarfi ya ja linzami alhali yana ganin nasara a gabansa, wannan sai mai babbar zuciya. Ga shi kuwa ta ɗore. Yau shekara 200 ke nan Kazaure na nan da sarkinta, yanzu a jihar Jigawa, Ɗambatta ta zama mazaunin Sarkin Bai, gidan Dabo na riƙe da sarautar Kano.

Manomi ya fi kowa sanin wannan karatu, ko da bai taɓa jin sunan Ɗanyaya ba. A ƙasarmu, inda gona ke jingine da gona, ba saura ba daji, babu mai filin da zai yi wasa da shi. Dubi magidanci a daren da ruwan farko ya sauka, ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Ana sallame sallar asuba zai zaga gona, ya durƙusa ya tona ƙasa da hannu ya ga inda laima ta tsaya. In ta wuce yatsu ta kai wuyan hannu, ba ya kiran taro, ba ya jiran maƙwabci. Kafin rana ta yi zafi yana gaba da sungumi yana sara, yara na biye da ƙoƙon iri suna jefawa suna rufewa da diddige. Ya san in ya bari kwana biyu laimar ta tsere, geron wanda ya riga shi zai yi masa nisa har kaka. In kuwa laimar ba ta kai ba, sai ya kaɗe hannu ya koma gida ko da maƙwabta sun fita, domin ya san yayyafin da ke ruɗar iri ya tsiro rana ta ƙone shi, ga irin ba shi da na biyu. Wani kuma yakan yi binne tun ƙasa na bushe. Ya san kasadar da ya ɗauka, ya kuma ware abin da zai sake shukawa in ta ɓaci.

Wanda ya gan shi da safen nan zai ce, kai, wane akwai azama. Amma shawarar tun kaka ta faro, ran da ya zaɓi zangarniyar da ta fi kyau ya ɗaure ya ajiye a ƙuryar rumbu, ya hana a taɓa ko da tuwo ya yi wuya. Ta ci gaba da rani, lokacin da jakinsa ke jigilar taki a mangala ana zubawa tsibi-tsibi, da lokacin sharar gona, da ranar da ya kai sungumi maƙera. Tunanin safiyar shuka ɗan kaɗan ne, amma a bayansa akwai wata bakwai na shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Addininmu ma a kan wannan tsari ya ɗora mu. Kafin yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan hijira, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya tara sahabbai ya nemi shawara. Shi ra'ayinsa a zauna cikin Madina a tari maƙiya a can, amma da yawa, musamman matasan da ba su samu halartar Badar ba, suka so a fita. Ya saurara, ya bi ra'ayin masu rinjaye, ya shiga gida ya sa sulke. Da ya fito, wasu suka ji kamar sun matsa masa, suka nemi a koma ga ra'ayinsa na farko. Bai koma ba. An buɗe ƙofar shawara iyakar buɗewa a lokacinta, da aka yanke kuma aka rufe ta, domin rundunar da ta ga jagoranta yana sauya magana a bakin fage ta karye tun ba a harba kibiya ba.

Abin da ya faru a 1903 ya nuna haka ta fuska mai ɗaci. Turawa sun riga sun zauna a Zariya, kowa ya san Kano suka sa a gaba. Sarki Alu ya gyara ganuwa, amma a daidai wannan lokaci ya ɗebi dawakinsa masu yawa ya tafi Sakkwato. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Molan, jagoran sojojin Turawa, ya shiga birni. Labari ya riski ayarin sarki a hanyar dawowa. Cikin dare Alu ya bar sansani, gari ya waye runduna ba jagora. Waziri Ahmadu ya ja wasu suka tari Turawa a Kwatarkwashi, a can ya cika. Wambai Abbas ya ja sauran zuwa Kano, aka naɗa shi sarki. Alu kuwa aka kama shi, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja a 1926. Ban isa in yi wa waɗannan bayin Allah hukunci ba, bindiga mai ruwa ba abar wasa ba ce, kuma da wuya wata dabara ta hana abin da ya auku. Amma a daren da jama'a suka fi bukatar jin murya ɗaya ba su ji ta ba, sai kowa ya yanke wa kansa.

To, mu zo ga Murtala, tunda shi ake kawowa misali. Janar Murtala Ramat Muhammad ɗan Kano ne, an haife shi a 1938, ya karɓi mulki a ƙarshen Yuli 1975, aka kashe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairu 1976. Wata shida da 'yan kwanaki ke nan, amma har yau sunansa na bakin waɗanda ba a ma haife su ba a lokacin. Ina cikin masu ƙaunarsa, kuma ƙaunar ce ta sa nake so mu dube shi gaba da baya.

Ranar 3 ga Fabrairu 1976 ya sanar da ƙasa abu biyu: za a ɗauke babban birni daga Legas zuwa Abuja, jihohi kuma sun tashi daga 12 zuwa 19. Mutane suka ce ga aiki nan take. Amma tun watan Agusta 1975 ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, suka ji bakin jama'a, suka duba wurare, suka miƙa rahoto a Disamba. Batun jihohi ma Mai Shari'a Ayo Irikefe ne ya jagoranci bincikensa. Bambancin Murtala da waɗanda muka saba gani shi ne, ya ba kwamiti gajeren wa'adi, rahoto ya zo, ya karanta, ya zartar, bai kulle shi a durowa ba. Haka ya tsayar da 1 ga Oktoba 1979 a matsayin ranar miƙa mulki ga farar hula, ya kafa masu rubuta tsarin mulki, kuma ko bayan ransa ranar ba ta motsa ba. Abuja ta tabbata babban birni a Disamba 1991. Waɗannan sun tsaya domin akwai tushe a ƙarƙashinsu.

Akwai kuma ɗaya fuskar. A cikin watannin nan aka sallami ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000, da yawa ba tare da an zaunar da mutum an ji ta bakinsa ba. A cikinsu akwai ɓarayi da malalata, ba shakka. Akwai kuma waɗanda ƙiyayyar ofis da takardar ƙorafi marar suna suka ci. Mutum ya yi rabin rayuwarsa yana aiki da gaskiya, ya ji sunansa a labarun yamma, ya wayi gari ba aiki ba gidan gwamnati, wani ma ba fansho. Waɗanda suka tsira suka ɗauki darasin da ba shi aka so su ɗauka ba: tunda kujera ba ta da tabbas, gara ka tara naka tun da wuri. Masana harkar mulki da dama na ganin daga nan aikin gwamnati ya samu raunin da har yau bai warke ba.

A fagen fama ma haka. Lokacin yaƙin basasa Murtala ne kwamandan runduna ta biyu. Cikin 'yan makonni ya harhaɗa rundunar, ya ƙwato Benin a Satumba 1967, ya kora dakarun Biyafara har bakin kogin Kwara, barazanar da ke tunkarar Legas ta kau. A Asaba, cikin Oktoba, sojojin wannan runduna suka kashe fararen hula masu yawa, tabo ne da bai kamata mu ɓoye ba. Daga nan ga Onica a tsallake, an karya gada. Hedikwatar soja a Legas ta ba da shawara a hau arewa a ƙetare ta Idah, inda ba tsaro mai ƙarfi. Murtala ya zaɓi ya ƙetara kai tsaye da jiragen ruwan da aka iya samu. Karo na farko sojoji suka shiga Onica, aka yi musu ƙofar rago, aka hallaka da yawa. Ya sake, ya kuma sakewa, duk ba nasara. Sai da aka koma ga hanyar Idah sannan Onica ta faɗi a Maris 1968. Waɗanda suka halaka a bakin kogin nan, da yawansu sababbin ɗauka ne da ba su daɗe da barin gaban iyayensu ba. Mutumin dai shi ne, zafin naman ma shi ne. Inda aka yi shiri ya bar mana Abuja, inda ba a yi ba ya bar gidaje da makoki.

A siyasar jiharmu, dattawan da ke saurare za su tuna 1 ga Oktoba 1979. Ranar da aka rantsar da Muhammadu Abubakar Rimi gwamna, a ranar ya soke haraji da jangali. Wanda bai taɓa ganin an shanya magidanci a rana a ƙofar dagaci saboda kuɗin haraji ba, ko an sayar da akuyar gida a wulaƙance don a biya, ba zai san nauyin da aka sauke ba. Magana ɗaya ce a bakin gwamna, amma tun 1950 jam'iyyar NEPU ke wannan kira. Su Malam Aminu Kano sun shafe kusan shekara 30 suna bin ƙauyuka, an ɗaure wasu, an yi wa wasu bulala. Jama'a sun riga sun gama yanke hukuncin a zukatansu, shi gwamna hannu ya sa. Shi ya sa har gobe ake ambatonsa da ita.

Shi dai Rimin ne kuma a 1981 ya ƙirƙiro sababbin masarautu, har da Rano da Gaya da Ƙaraye, gwamnatinsa ta kuma aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma. Ranar 10 ga Yuli gari ya hargitse, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe mai ba shi shawara kan siyasa, Dakta Bala Muhammad. Sabo Bakin Zuwo na hawa a 1983 ya rushe masarautun.

Mu mutanen arewacin Kano mun ga maimaicin wannan da idonmu. A watan Mayu 2019, cikin mako guda majalisar jiha ta karɓi buƙata ta yi doka, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu ranar 8 ga wata, aka raba masarautar Kano gida biyar, Bichi ta zama masarauta da ƙananan hukumominmu da dama a ƙarƙashinta. A Nuwamba kotu ta soke dokar saboda ba a bi ƙa'ida ba, a Disamba aka sake yin wata. Hakimai da dama, har da wasu daga cikin masu zaɓen sarki, suka rasa gundumominsu. Ranar 23 ga Mayu 2024 wata majalisar ta soke dokar, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar, masarautar Bichi ta kau. Magana ta koma kotuna, Kano ta wayi gari da fada biyu, ɗaya a Gidan Rumfa, ɗaya a Nasarawa.

Na san a cikinku akwai masu ganin Bichi ta cancanci sarki mai sanda, suna nuna ayyukan da suka biyo baya da kusantowar fada ga talaka. Akwai kuma masu ganin gadon Dabo bai kamata a yanka shi ba. Kowanne yana da hujjar da ta isa a saurara, kuma ba aikin wannan shiri ba ne ya zaɓar muku. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka yi, a duka karo biyun. An ƙulla cikin kwanaki, an kwance cikin yini. Kwanakin nan ba su isa a zagaya Kunci da Makoɗa da Tsanyawa a tara dagatai da limamai da manoma da makiyaya a ce me kuka gani ba. Sulhun da Bello ya yi tsakanin Dabo da Ɗan Tunku ya kai shekara 200, domin kowane ɓangare ya fita da abin riƙewa. Na Bichi shekara biyar ya yi. Mai unguwa da dagaci, waɗanda su ne ke raba rigimar iyakar gona da ta gado, cikin shekara biyar sau biyu aka sauya musu inda za su kai gaisuwa da ƙara. Talakan da maganar gonarsa ke hannun hakimin da aka cire, a kansa abin ya ƙare.

Don haka ina da magana da shugabannin ƙananan hukumomi, da kansiloli, da 'yan majalisarmu, in Allah ya sa suna saurare. Duk abin da zai taɓa iyakar ƙasa, ko gadon mutane, ko abincin ma'aikaci, ko ran soja, abin da in an yi ba ya warwaruwa sai da ɓarna, don Allah a zauna. A kira wanda ake tsammanin zai ƙi, a ji ta bakinsa tun ba a sa hannu ba. Amma akwai wasu shawarwari a gabanku da ba sa bukatar wani sabon kwamiti, an gama bincikensu tuntuni, ko yaro ya san amsarsu, kuma su ne ake ja wa ƙafa. Takin zamanin da ke isowa a Agusta, bayan gero ya fara fitar da kai, bai taimaki kowa ba. Tun Janairu ake yanke maganarsa, a biya kuɗi da wuri, ya kwana a sito kafin Mayu. Magudanan madatsun Tomas da Watari, da aka fara ginawa tun shekarun 1970, da kaka ake yashe su, kafin masu noman rani su zuba iri. Burtalin da gonaki suka cinye, tun shanu ba su sauko ba ake zama da arɗo da dagaci da masu gonakin a fitar da shi a kafa alama, kada a bari sai ranar da aka zub da jini sannan a turo mota cike da 'yan sanda.

A nan za mu dakata a shirin yau.